Baƙon da Ya Zo Koyo: Rayuwar Ɗan Sa-kai a Gidan Masaukinsa

Ya ku 'yan kasuwa, magidanta da iyaye mata na garuruwan iyaka.

Wataƙila wata ranar kasuwa kun taɓa ganin wani saurayi ko budurwa a gaban rumfarku, riƙe da ɗan littafi, yana gaisuwa harshe na sarƙewa, yana ƙirga canji sau biyu kafin ya sa a aljihu. Da kuka tambaya sai aka ce muku ɗan sa-kai ne, daga wata ƙasa ya zo koyon aikin lafiya, an sauke shi a gidan wane. Mai yiwuwa gobe a ƙofarku za a yi sallama, mai unguwa da ma'aikacin ƙungiya su ce, "Alhaji, ko za ka riƙe mana baƙo na wata biyu ko uku?" Mai yiwuwa kuma ɗanku ne ko 'yarku za su ƙetare iyaka, su sauka a gidan mutanen da ba ku taɓa gani ba.

Wannan takarda za ta bayyana muku yadda irin wannan baƙo yake rayuwa tun daga asuba har kwanciyar barci, da abin da yake bukata a wurinku, da abin da ya kamata ku nema a wurinsa. Maganar tana da nauyi, domin abin da ya koya a tsakar gidanku shi zai ɗauka zuwa garin da za a tura shi aiki. In ya koya daidai, mata da yara za su amfana. In ya koya a karkace, zai shekara biyu yana magana babu mai saurare. Duk inda muka ce ɗan sa-kai, har da mace muke nufi, domin mata suna da yawa a wannan aiki.

Wane ne ɗan sa-kai?

Ɗan sa-kai shi ne wanda ya ba da lokacinsa ga aikin jama'a ba don albashi ba. Abin da ake ba shi ɗan kuɗin ci da sha ne da na sabulu. Misalin da dattawan Nijar suka fi sani shi ne na Peace Corps, wadda a can ake kira Corps de la Paix. Shugaban Amurka John Kennedy ne ya kafa ta a ranar 1 ga Maris 1961, kuma Gana ce ƙasar da ta fara karɓar 'yan sa-kanta, a watan Agusta na wannan shekara. Sun iso Nijar da Kamaru a 1962. Daga wannan shekara zuwa 2011, sama da mutum 3,000 sun yi aiki a Nijar, a fannin lafiya da noma da ilimi da dashen itatuwa.

Ba Amurka kaɗai ke aika 'yan sa-kai ba. Japan ta fara nata shirin a 1965. Nijeriya ma ta kafa hukumar Technical Aid Corps a 1987, tana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na tekun Pasifik. Saboda haka baƙon da za a kawo muku yana iya zama Bature, yana kuma iya zama ɗan maƙwabta, Bakatsine a Maraɗi ko ɗan Damagaram a Daura. Za mu fi kafa misali da na Peace Corps a Nijar, domin tsarinsu ya daɗe kuma an san shi sosai. Akan ba su horo na wata biyu zuwa uku, sa'an nan su yi aikin shekara biyu a gari ɗaya.

Me ya sa ake sauke shi a gida?

Ƙungiya tana da ikon kama masa ɗaki a masaukin baƙi, da fanka da famfo. Da gangan ake ƙin yin haka. Hausawa sun ce da ɗan gari kan ci gari. A aji za a gaya masa cewa a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. A gidanku ne zai ga nisan rijiya, ya ɗauki bokiti ya ji nauyinsa, ya san kuɗin sabulu a kasuwa, ya gane abin da ya sa ake tattalin ruwa. A aji za a ce masa a kai yaro asibiti da zarar jikinsa ya yi zafi. A gidanku ne zai gane cewa uwa ba ta fita sai da izinin maigida, maigida kuwa yana kasuwar wani gari sai dare, kuma sau da yawa kaka ce ke yanke hukunci a kan jariri. Wanda bai san waɗannan abubuwa ba, shawararsa takan yi kyau a takarda amma ta kasa shiga ɗaki.

Yini guda a Hamdallaye

Hamdallaye gari ne mai nisan kimanin kilomita 30 daga Yamai, a kan hanyar Filinge. Shekaru da dama, kafin ta dakatar da aikinta a 2011, a nan Peace Corps ta riƙa horar da sababbin zuwa, tana rarraba su gidajen mutanen gari. Kyautar farko da iyali kan yi wa baƙonsu ita ce suna. Sunan da ya zo da shi yakan yi wa harshe nauyi, sai a raɗa masa na gida, a ce Sani ko Hadiza ko Laraba, kuma da sunan nan za a san shi har ya bar ƙasar.

Kiran sallar asuba da carar zakara da amon turmi su ke tashinsa. Lokacin zafi a waje yake kwana, cikin gidan sauro. Ya naɗe shimfiɗa, ya ɗauki buta zuwa bayan gida, ya yi wanka da bokiti da moɗa. Ga wanda ya girma da famfo a cikin ɗaki, wannan kaɗai darasi ne na kwanaki. Sai gaisuwa. A ƙasarsa kalma ɗaya ta isa, a wuce. A nan kuwa sai ya tambayi kwana da gajiya da gida da yara da aiki, ya fara da manya, ya rusuna inda ake rusunawa. Ya sha koko ko kunu da ƙosai, ya kama hanyar aji, yara suna biye da shi.

Safiya ta harshe ce. Mutum uku ko huɗu kan zauna a tabarma a inuwa tare da malami ɗan ƙasa. Waɗanda za a tura yankunan Maraɗi da Damagaram da Ƙonni su koyi Hausa, waɗanda za su yammacin ƙasar kuwa su koyi Zabarmanci. Ana farawa da gaisuwa da ƙirga da ciniki, sa'an nan sunayen gaɓoɓin jiki da na cututtuka. Bayan hutun tsakar rana sai darasin aiki: awon jarirai, dama kunun yara da aka inganta da gyaɗa ko wake, haɗa ruwan gishiri da sukari, gina murhun laka mai rage cin itace, da shirya lambun rani. Akwai kuma ranakun da ma'aikatan lafiyar ƙungiya ke yi musu allurar riga-kafi, suna koya musu yadda za su kare kansu.

Da la'asar ya dawo gida, kuma a nan makarantar ta biyu take buɗewa. Ya gwada jan guga, ya gwada daka, hannunsa ya yi bororo, matan gida su yi dariya, shi ma ya yi. Ya wanke tufafinsa da hannu. Bayan magariba a kawo tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ko shinkafa da wake, ya koyi ci da hannun dama, daga gabansa, ba tare da ya kai hannu gaban wani ba. A yi hira, a kaɗa shayi, yara su yi ta gyara masa lafazi, domin su ne malaman da ba sa gajiya. Kafin ya kwanta ya haska fitila ya rubuta sababbin kalmomin da ya tsinta.

A tsakiyar horo akan tura shi ya yi 'yan kwanaki a ƙauyen wani ɗan sa-kai da ya riga shi, ya ga aikin da idonsa. A ƙarshe a yi masa jarrabawar harshe baki da baki. In ya ci, ya yi rantsuwar kama aiki, a kai shi garinsa.

Kasuwa ma aji ce

Ku 'yan kasuwa kuna cikin malamansa, ko kun sani ko ba ku sani ba. Akan aike shi kasuwa da gangan, ya sayo albasa ko sabulu, ya yi tayi, ya karɓi canji. Ƙirgar sefa takan ɗaure masa kai, domin da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Dala goma sefa 50 ke nan, dala ashirin sefa 100. In mai tumatir ta ce ɗari, sefa 500 take nufi, in ta ce jika, 1,000. Ɗan Kano ma da ya saba da naira yakan yi tuntuɓe a nan, ya ji ɗari ya miƙa sefa 100.

Haka kalmomi. Abin da ake kira gidan sauro a Katsina, a Maraɗi za a ce sange. Wani ya ce gudawa, wani ya ce zawo. Wani ya ce asibiti, wani ya ce likita, yana nufin gidan ne ba mutumin ba. Launin da wani ke kira kore, wani tsanwa yake ce masa. A aikin lafiya wannan bambanci ba wasa ba ne, domin uwar da ba ta gane kalma ba, ba za ta gane gargaɗi ba. In kun ji ya yi kuskure ku gyara masa a hankali. Ku sayar masa a farashin da kuke sayar wa kowa, domin daga bakinku yake koyon abin da talaka ke iya saya, kuma a kan wannan zai gina shawarar da zai ba iyaye mata game da abincin yara.

In ya tsaya gaban mai sayar da magani yana tambaya, kada a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. So yake ya san abin da mutane ke sha in zazzaɓi ya kama su. Abin da aka koya masa, kuma gaskiya ne, shi ne zafin rana yana lalata magani, kuma shan ƙwaya biyu a bar sauran yana kwantar da ciwo ne ba tare da ya kashe shi ba.

Abin da yake koyo, da inda kuke shigowa

Ga misalai huɗu da za ku ji yana maimaitawa. Ku ma ku riƙe su, domin amfaninsu naku ne.

Na farko, ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa. Wanda ake samu a ƙunshi a asibiti shi ya fi, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikinsa. In babu, a sami lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Abin da ya kwana ya yini a zubar, a haɗa sabo. Yaro kuma a ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono da abinci. Amma wane gida ne ke da ma'aunin lita? Uwargida ce za ta nuna masa kwanon da ke cin lita, ko ta tuna masa cewa ledar ruwa mai rabin lita guda biyu ta cika awon.

Na biyu, awon damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, da ɗan zare mai launi uku. In awo ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ta yi tsanani, a kai shi asibiti ranar nan. Rawaya gargaɗi ne. Ku bar shi ya gwada a kan yaran gida, ke ma uwa ki karɓi zaren ki koya.

Na uku, nono zalla har wata shida, ba ruwa ba jiƙo, da ba jariri dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin yana ɗauke da kariya daga cututtuka. A nan yakan ci karo da al'ada. Iya, kada ki ɓoye masa abin da aka saba yi da dalilin yinsa. In ya ji daga bakinki, zai san yadda zai yi wa kakannin wani gari magana cikin ladabi.

Na huɗu, riga-kafi: ranar haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9. Da damina kuma akwai maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata. Zai so ya ga katin yaranku. Ku da kuke zirga-zirga tsakanin Jibiya da Maraɗi, ko Illela da Ƙonni, ku riƙa tafiya da katin, domin ma'aikacin kowane ɓangare ya ga inda aka tsaya ya ɗora.

In kuna shakkar ko irin wannan ƙaramin aiki yana tasiri, ku tuna da kurkunu. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi ne ke fama da ita a duniya, ba ta da magani kuma ba ta da allura. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwon shiga tafki, da bi gida-gida aka yaƙe ta. 'Yan sa-kai na waje sun sa hannu, na ƙauyuka kuwa su suka ɗauki mafi yawan nauyin. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar da Nijeriya sun rabu da ita, Gana kuma a 2015.

Jikin baƙo ba irin naku ba ne

Wanda ya girma inda zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, jikinsa yakan sami ɗan sabo da shi. Wanda ya zo daga inda babu shi ba ya da wannan sabo, kuma ciwon yana iya kai shi ga halaka cikin kwanaki kaɗan. Shi ya sa yake shan ƙwayar kariya a kan ƙa'ida, yake shiga gidan sauro da wuri. Haka cikinsa. Ruwan da kuke sha lafiya lau yana iya kwantar da shi. In kun ga yana tace ruwa, ko yana tafasa shi, ko ya jefa ƙwayar tsarkakewa yana jiran rabin awa, kada ku ce ƙyamarku yake yi. In ya ƙi furar da aka dama da ruwan randa, ko nonon da ba a dafa ba, umarnin likita yake bi. Ku dama masa da ruwansa, a zauna lafiya. A watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ku riƙa tuna masa da shan ruwa da zama a inuwa.

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, ku kira lambar da ƙungiya ta ba ku nan take, ko da tsakar dare ne: zazzaɓi mai zafi, amai da ya ƙi tsayawa, gudawa da jini, sanƙarewar wuya da ciwon kai, ruɗewa ko sambatu, cizon kare ko saran maciji, harbin kunama da ya galabaitar da shi. Kada ku saya masa magani a kasuwa, kada ku ba shi jiƙo, komai kyan niyyarku. Baƙo yakan ɓoye ciwo don kunya, saboda haka in kun ga ya bar abinci ko ya yini a ɗaki, ku tambaye shi.

Inda saɓani kan taso

Mutumin nan ya bar uwa da uba da abokai, ya koma kamar yaron da ke koyon magana. Kewa takan kama shi, musamman a makonnin farko. In ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa na ɗan lokaci, ba fushi ba ne. A wasu ƙasashe haka ake hutawa. Ku bar shi, in an jima ku aika yaro ya kira shi cin abinci.

Maganar kuɗi ita ta fi ɓata zumunci. Ƙungiya ce ke biyan kuɗin abincinsa, kuma ya kamata a yanke adadin a gaban shaidu tun kafin ya iso. Abin da ke aljihunsa kaɗan ne. Kada a nemi rance a wurinsa, ko jari, ko hanyar fita waje, domin ba ya da ikon ko ɗaya. Ku sani kuma mafi yawan masu koyon nan ba likitoci ba ne. Ba sa yin allura, ba sa rubuta magani, kuma magungunan da ke akwatinsa na kansa ne, an hana shi rabawa. In ya ce ku tafi asibiti, iyakar abin da ya halatta gare shi ke nan.

Ku ma kuna da haƙƙi a kansa. Ya sa sutura irin wadda garinku ya yarda da ita. Ya kiyaye lokutan salla da na azumi ko da addininsa daban ne, ku kuma kada ku tilasta masa naku. Namiji kada ya kutsa sashen mata sai da izini. Kada ya ɗauki hoton kowa sai an yarda. Abin da ya gani na sirrin gida, na ciwo ko na rashi, amana ce a wuyansa. In ya saɓa, maigida ya yi masa magana a keɓe kamar yadda zai yi wa ɗansa. In abin ya ci tura, a gaya wa malaminsa.

Sai tsaro. A watan Janairu na 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai aka kuma kashe su, Peace Corps ta kwashe 'yan sa-kanta 98 ta dakatar da aikinta a Nijar. Garuruwa da yawa sun wayi gari babu baƙonsu, ayyukan da aka fara suka tsaya. Halin da hanyoyinmu suke ciki a yau ba ɓoyayye ba ne gare ku. Saboda haka sarki ko mai unguwa ya san da zaman baƙonku. Kada a ba baƙuwar fuska labarin inda yake kwana ko ranar da zai yi tafiya. Kada ya yi tafiyar dare, kada kuma ya ƙetare iyaka, ko da zuwa kasuwa ne, sai da sanin ƙungiya.

In ɗanku ne zai tafi

Duk abin da muka faɗa, ku juya shi. Kafin ku sa albarka, ku je ofishin ƙungiyar da ƙafarku, ku ga takardar da hukuma ta ba ta. Ku san sunan gari, da sunan maigidan da zai sauka a wurinsa, da lambar wanda za a kira. Ku tambayi wanda zai biya kuɗin magani in ya kwanta, da wanda zai biya kuɗin motar dawowa. Ƙungiyar kirki ba ta karɓe wa mutum takardun shaidarsa ta riƙe. Duk wanda ya zo muku a ɓoye yana neman kuɗi masu yawa da alkawarin aikin sa-kai a waje, yana kuma gaggauta ku, ku yi hattara da shi, domin masu safarar mutane da irin wannan zance suke farauta, musamman a kan 'yan mata.

Ya tafi da katin shaida da katin allurar shawara, wato katin nan mai launin rawaya. Allura ɗaya ta isa har iyakar rai, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, don haka a yi ta da wuri. In tafiyar ta faɗa a rani, lokacin sanƙarau, a tambayi asibiti game da riga-kafinsa. Ka'idojin ƙetare iyaka suna sauyawa, sai a bincika abin da ake nema a makon tafiya. Ya ɗauki gidan sauronsa. Ku ja masa kunne cewa ko da harshe ɗaya ne, kowane gida da tsarinsa, ya shiga da ladabin ɗalibi.

Kafin ku ce to

In an nemi gidanku, kada maigida ya amsa shi kaɗai. Uwargida ce za ta ƙara hannu a tukunya, ita ce kuma za ta fi zama da baƙon, sai a ji ta bakinta. Ku duba ko kuna da ɗaki mai ƙofa da makulli, da makewayi mai sutura, da masai mai murfi. Ku tambayi ƙungiya kwana nawa zai yi, nawa za a bayar kuma yaushe, wa za a kira in ciwo ya zo, wa zai shiga tsakani in an sami saɓani. In ba za ku iya ba, ku faɗa tun da wuri, babu abin kunya a ciki.

In kuwa kun karɓa, ku ci abin da kuka saba ci, ku yi abin da kuka saba yi, kada ku mai da kowace rana ranar salla saboda shi. Ku yi masa Hausa ko da kun iya Turanci ko Faransanci. Ku tafi da shi suna da biki da gaisuwar rasuwa, ku zaunar da shi a rumfa ranar kasuwa, ku bar shi ya raka uwargida awo a asibiti. In ya tambayi abin da kuke ganin kowa ya sani, ku ba shi amsa, domin wata uwa a wani gari tana jiran abin da zai koya a wurinku.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya raya mana zuriya, ya mai da kowane baƙo gidansu lafiya. Amin.